Wa Zai Soya Kajin Bikin?

A makon da zancen Samoa ya fashe, farkon watan Yulin 2024, mai shayin bakin layinmu ya yi cinikin da rabonsa da irinsa tun kafin a cire tallafin mai. Wanda ya saba shan kofi ɗaya ya kama gabansa, sai ga shi yana cewa a ƙaro na biyu, don kada a yanke wa gwamnati hukunci ba ya wurin. Tela ne ya buɗe zaman kamar kullum, tef ɗin awo a wuya, waya a hannu.

"Shi ke nan, sun sayar da mu! Dala biliyan 150. An riga an sa hannu. Daga yau ƙato zai auri ƙato a ƙasar nan, har da satifiket."

Baba mai gadi ya sauke kofinsa. "Wai shi Samoan nan, minista ne ko Bature?"

Malam, tsohon hedimastanmu da ya ajiye alli ya rungumi rediyo, ya gyara zaman tabarau. Ya ce Samoa ba mutum ba ne, ƙasa ce, 'yan tsibirai a tsakiyar tekun Fasifik, mutanenta kaf ba su kai na ƙaramar hukumar Dala ba. A can aka ƙulla yarjejeniyar kasuwanci da tallafi tsakanin Tarayyar Turai da ƙasashen Afirka da Karebiyan da Fasifik, Najeriya kuma ta sa nata hannun a ƙarshen watan Yuni.

"To Malam, ka karanta takardar?"

"Ban karanta ba, Alhaji. Kai fa?"

"Me zan karanta? Abin da aka faɗa a huɗuba?"

Daga baya ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa ta ce ta duba, babu maganar auren jinsi a ciki, jaridar da ta fara buga labarin ma ta dawo ta ba da haƙuri. Amma lokacin mun yi gaba, muna kan zanga-zangar tsadar rayuwa, ba wanda ya waiwayo ya karɓi gyaran. Abin dariyar ma sai can daga baya na tsinto shi. Su kansu mutanen Samoa ba a auren jinsi a ƙasarsu, dokarsu ta hana luwaɗi, sannan suna da nasu 'yan daudun, fa'afafine suke ce musu, suna nan cikin dangi ana girki da reno da su. Ashe mako guda muka kwashe muna tsine wa mutanen da suka fi kowa kama da mu.

Mu dai haka muke da wannan magana, ba abin da ke haɗa kanmu irinta. Ƙasar da ba a taɓa jituwa a kan ganin wata ba, ko yawan mutanen jiha, ko wanda ya ci zaɓe, amma ranar da Shugaba Jonathan ya sa hannu a dokar hana auren jinsi, a watan Janairun 2014, liman da fasto tare suka yi tafi. Ɗaurin shekara 14 ga ma'auratan, shekara 10 ga wanda ya shaida ko ya taimaka. Baba mai gadi, wanda ɗaurin aure ba ya wuce shi saboda goro da alawa, ya ce tun daga ranar ba ya zama a tabarmar kowa sai ya tambayi sunan amarya. Kuma fa kafin dokar ba a taɓa ganin wanda ya zo ƙofar masallacinmu da sadaki a aljihu yana neman a ɗaura masa aure da namiji ba. Bayan dokar ma ba a gani ba. Katanga ce mai tsawo aka gina a inda ba wanda ke shirin haurawa.

Malam ya taɓa kawo mana lissafin wata cibiyar bincike ta Amurka mai suna Pew, da ta bi ƙasashe a 2023 tana tambayar mutane ko sun yarda da auren jinsi. A Suwidin, 92 cikin 100 suka ce sun yarda. A Najeriya, 2 cikin 100.

Tela ya zaburo. "Su wane ne biyun nan? A kawo sunayensu!"

"Ka gani ko, Alhaji," in ji Malam. "Shi ya sa ba su kai uku ba."

To, a daren Samoan nan, ana tsakiyar tsinuwa sai ga yaron mai kaji da faranti a ka, ƙamshin man gyaɗa da yaji ya riga shi isowa. Tela bai ko numfasa ba, ya miƙa hannu ya zaɓi cinya, ya ce, "Ka ce masa ya sa a littafi," ya ci gaba da bayanin yadda ƙasa za ta kife da mu.

Kowa a unguwar nan ya san mai kaji ɗan daudu ne. Ba zargi ba ne, ba gulma ba ce, kamar ka ce wane mahauci ne ko wane maƙeri. Rumfarsa na bakin tasha tun ina ɗan firamare. Da la'asar za ka same shi gaban kasko, tawul ɗaure a ƙirji bisa rigar, kwalli raɗau a ido, matsami a hannun dama, hagun a ƙugu. In ya yi shewa ya tafa hannu, har masu faci sai sun ɗago. Bakinsa kuwa reza. 'Yan kamashon da ke zagin direbobi tun asuba, in sun zo gabansa lallaɓawa suke yi, don habaici ɗaya zai yi wa mutum ya bi shi har gida, matarsa ma ta ji. Samarin da ke masa figa da wanke-wanke, yawancinsu waɗanda gidajensu suka koro, Uwa suke ce masa. Salla ba ta wuce shi, sahun baya yake tsayawa daga gefe. Ya je Makka sau biyu. Ya yi aure, ya haifi 'ya'ya mata biyu, ya aurar da su da kayan ɗakin da aka yi wata ana zancensu.

Matan unguwa kuwa ba su da kamarsa. Shi ke riƙe adashinsu, don ba a taɓa jin sisi ya yi ciwon kai a hannunsa ba. In za a haɗa lefe, shi ake tasa wa gaba zuwa Kantin Kwari, ya murza atamfa da yatsa biyu ya gaya wa ɗan kasuwa ƙaryarsa. In biki ya zo, tun daren kamu yake kafa murhu a bayan gida, ya kwana yana suya, da safe a ga kaji ɗari biyu jere a daro ba wadda ta ƙone. Innata "ƙawata" take ce masa, shi kuma ya ce mata Hajiya, su yi ta ƙus-ƙus a soro. Ita ce kuma za ta shigo ta ja kunnena ta ce in ta sake ganina a rumfar can sai ta karya ni. Duka biyun da gaske take yi, kuma ban taɓa ganin alamar ta ji sun ci karo ba. Mu ma haka. Mun sha dariya in marigayi Rabilu Musa Ibro ya fito a ɗan daudu a fim, mun sayi kaset, mun haddace karairayar, sannan mu fito mu rantse ba mu san da irin wannan abu a ƙasar Hausa ba.

"Ai wannan ba al'adarmu ba ce, Turawa suka kawo." Tela ke nan, kuma ba dare ɗaya ya faɗa ba.

Malam yana jin daɗin wannan gaɓar. Sai ya miƙe yatsu yana lissafi. "Mota Bature ya kawo, shi ya sa muke ce mata mota. Tebur, burodi, kwamfuta, duk da sunansu suka zo. To daudu fa, wane Turanci ne? Maɗigo fa? Bahaushe ba ya raɗa wa abin da bai taɓa gani ba suna." Ya ce kalmar luwaɗi ta hanyar Larabci ta zo mana, daga ƙissar mutanen Annabi Luɗu, daudu kuma tun zamanin da bori ke da ƙarfi ake jin ta. Abin da ya tabbata Bature ya bar mana shi ne sashen doka. Kundin hukunta laifuka na Arewa na 1960, wato Final Kod, daga na Sudan aka kwaikwayo shi, na Sudan kuma daga wanda Ingilishi suka rubuta wa Indiya a 1860. Su suka soke irin wannan laifi a gidansu a 1967, suka fara ɗaura auren jinsi a 2014, shekarar da mu muka yi dokar hana shi. A tsakani, a 2011, firaministansu David Cameron ya ce za su iya rage tallafi ga ƙasashen da ba su sassauta ba.

A nan kam ina bayan Tela. Wanda ya ɗora maka kaya shi ne ya dawo yana maka faɗan ɗauka, har da barazanar hana ka kuɗin cefane. Ko abin da mutum yake so ne, in aka ce sai ya yi shi kafin a ba shi tuwo, sai ya ƙi. Wannan barazana ba ta sauƙaƙa wa kowa a rumfar mai kaji ba, sai ma ta sa aka fara kallonsu kamar 'yan aiken wasu, su da ko sunan Cameron ba su taɓa ji ba.

"Kafin Bature ai akwai shari'a," in ji Tela.

"Akwai, Alhaji. Da shaidu huɗu."

Kada wani ya ɗauka ana jayayya a kan hukunci a teburin nan. Ba a yi. Daga Malam har mai shayi, kowa ya san abin da addini ya ce, limaminmu ya faɗa a kan mumbari ba sau ɗaya ba, kuma shi kansa mai kaji bai taɓa tsayawa ya ce ba haka ba ne. Wani Ba'amurke mai suna Rudolf Gaudio ya zauna a Kano a shekarun 1990, ya koyi Hausa har da yaren harka, ya fitar da littafi a 2009 a kan 'yan daudu. Mutanen da ya zauna da su masu salla ne da azumi, da yawansu da mata da 'ya'ya, waɗanda ba su yi ba kuma suna da burin yi. Ba tutar kowa suka ɗaga ba. Amma limamin nan da ya ce haram, shi ne kuma yake karanta mana Suratul Hujurat ya ce an hana bin diddigin asirin mutane, an hana zato. Mu dai rabin farko muka fi riƙewa, don ya fi daɗin faɗa a bakin titi.

Ni a ganina kalmar aure ce ta hura wutar. Shekara da shekaru ana zaune da mai kaji da ire-irensa, a kawar da kai, a tsokana, wani lokaci a kora, a kwana biyu su dawo. Da aka ce aure sai kowa ya miƙe tsaye, domin aure a wurinmu ba na mutum biyu ba ne. Kafin ango ya ga ɗakin amarya sai kawunnai sun kai gaisuwa, an yanka sadaki, waliyyi ya bayar wakili ya karɓa, gwaggwanni sun buɗe akwatunan lefe sun ƙirga turame sun taɓe baki, an yi jere, an kai gara. So yana cikin motar, amma a kujerar baya, wani lokaci ma sai an yi haihuwa biyu yake isowa a ƙafa. To ka ɗauki wannan hidima gaba ɗaya ka ce namiji da namiji. Baba mai gadi ya yi tambayar da zuciya ɗaya, ba da wasa ba: "To wa zai kai lefe? Gidan wa za a je wankan jego?" Aka yi dariya, amma ba wanda ya ba shi amsa.

Su kuwa Turawa can sun daɗe da sauke dangi daga motar, suka bar mutum biyu da soyayyarsu da takardar gwamnati. Kuma takardar nan ita ce komai: gado, haraji, inshorar asibiti, har wanda likita zai saurara in mara lafiya ya kasa magana. Holan ce ta fara halatta auren jinsi a 2001, Afirka ta Kudu ta bi a 2006. A Amurka, a 1996 mutum 27 ne cikin 100 suka yarda, yanzu kusan 70. Obama da kansa, lokacin da yake neman kujera a 2008 cewa ya yi aure na namiji da mace ne, sai a 2012 ya sauya baki. Ba wa'azi ne ya juya su ba. Ɗaya bayan ɗaya suka riƙa gano cewa mutumin da ake zancen ɗansu ne, ko ƙanwarsu, ko wanda suke cin abincin rana tare a wurin aiki.

Shari'ar da ta kai maganar kotun ƙolinsu ma ba daga ɗakin kwana ta taso ba, daga gadon jinya ta taso. Wani mutum ne, Jim Obergefell, ya yi sama da shekara 20 tare da John Arthur. John ya kamu da cutar da ke kashe jijiyoyi sannu a hankali har mutum ya kasa ɗaga hannu. Jiharsu ta Ohayo ba ta yarda da irin aurensu ba, sai a 2013 aka ɗauke su a jirgin marasa lafiya zuwa jihar Merilan, aka ɗaura auren a cikin jirgin yana tsaye a fili, don majinyacin ba ya iya sauka. Wata uku bayan nan ya rasu. Abin da Jim ya shiga kotu yana nema shi ne a bar sunansa a takardar shaidar mutuwar. A watan Yunin 2015 alƙalai biyar suka ba shi gaskiya, huɗu suka ƙi.

Ranar da na ba da wannan labari a tebur, Tela ya yi shiru har shayinsa ya huce. Can ya ce, "To wannan ai rashin dangi ne. Mu nan in ka kwanta, ko maƙwabci ne ya zo jinyarka, wa zai tambaye shi takarda?"

Na kai wa yayata hirar, ina tsammanin za ta yi dariya. Tana tsince shinkafa, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ku maza kuna can kuna gadin aure kada Samoa ta sace shi. Ni wanda ya kashe nawa ba daga Samoa ya zo ba. Ta tes ya aiko, saki ɗaya, ko rubutun bai iya ba. Tun 2012 gwamnati ke aurar da zawarawa a garin nan, ka ga sun ƙare?"

Na ce, "Yaya, wannan ai wata magana ce daban."

"Ita ce dai. Bari in gaya maka wadda ba kwa yi a teburinku." Sai ta ba ni labarin wata yarinya, ba ta faɗi gidan ba, ni ma ban tambaya ba. An aurar da ita ga wani saurayi mai hankali, mai sana'a, wanda danginsa suka matsa masa lamba saboda an fara ƙananan maganganu. Shekara uku. Bai taɓa zaginta ba, bai taɓa barin ta da yunwa ba, atamfa duk wadda ta fito sai ya saya mata. Amma kallon da miji ke yi wa mata, ko sau ɗaya. Yarinya ta ɗauka muni ne da ita. Ta ƙarar da kuɗin adashinta a kayan mata, ta sha rubutu har cikinta ya ɓaci, uwarta na ce mata ta ƙara haƙuri ta ƙara kwalliya. "An rufa masa asiri," in ji Yaya, "da ita aka rufa. Ita wa ya tambaye ta?"

Ban sami abin cewa ba. Ni mai yabon kawaicin mutanen da ne, ina ganin ya fi ihun yanzu mutunci nesa ba kusa ba. Amma ranar na san kawaicin ma akwai wadda ke biyan kuɗinsa, kuma ba a teburin mai shayi take zaune ba.

Ihun kuma ya ci mana abubuwan da ba mu lissafa ba. Da, aminai biyu za su taho daga masallaci hannu cikin hannu har ƙofar gida, dattawa da gemunsu, ba wanda zai kalle su sau biyu. Samari biyar su kwana a shago ɗaya kan katifa ɗaya har kowa ya yi aure. Yanzu ɗan ƙanena in abokinsa ya dafa kafaɗarsa sai ya ture hannun yana waige-waige. Tuzuru in ya haura talatin da biyar, da cewa ake rowa ce ko rashin kuɗi, yanzu sai a kashe ido ɗaya. Kuma abin bai tsaya a baki ba. A watan da aka sa hannu a dokar nan ta hana auren jinsi, a Bauchi taron jama'a suka yi ta jifan kotun shari'a da duwatsu saboda mutanen da ake tuhuma a ciki, alƙali bai ma gama sauraro ba. Mu ma namu ya iso. Wata Juma'a da yamma wasu matasa suka dira rumfar mai kaji da gorori, suka kifar da kasko, tafasasshen mai ya kwashe masa fatar hannu daga gwiwa zuwa wuyan hannu. Na san uku daga cikinsu. Suna yara, shi ke ba su ƙafar kaza da wuya kyauta in sun taso daga makarantar allo. Liman ne ya tako da kansa washegari, ya tsaya a bakin tasha ya tambaya wane alƙali ne ya aiko su. Ba wanda ya fito. Bayan mako uku mai kaji ya dawo da tabo da sabon kasko, amma shewar ta ragu, tawul ɗin ma ya koma kafaɗa.

Akwai wani direban babbar mota, ba ɗan garin nan ba, mai furfura a gemu, da iyalinsa a can garinsu. Sama da shekara ashirin, duk sanda hanya ta biyo da shi sai ya ajiye motar a bayan tasha, ya zo ya zauna a bencin da ke bayan kasko, inda ba a ba baƙo. Ba ya da yawan magana. Mai kaji zai ware masa ƙundu da hanta a wani ɗan kwano mai murfi, kuma ba a taɓa ganin kuɗi ya shiga tsakani ba. Unguwa kaf ta gani. "Mutumin nasa ya zo," haka ake cewa, a wuce.

Bayan damunar Samoa hawan jini ya kayar da mai kaji a gaban murhu, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakin nan mai kama da reza ya karkace. 'Ya'yansa mata suna gidajen mazansu, ɗaya ma da ɗanyen goyo, suna zuwa da rana su koma. Samarinsa suna fama da rumfa. Da na je dubiya asibiti, direban na tarar. Ya bar motar a hannun yaronsa, ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin gado. Na same shi ya tallafo kan majinyacin da hannun hagu, cokali a dama, yana hura kunu kafin ya kai bakin, rabi ya shiga rabi ya dalalo, ya sa gefen rawaninsa ya goge, ya sake ɗebowa. Mai kaji yana ta ƙoƙarin faɗin wani abu, harshe ya ƙi. Direban ya ce, "Na ji. Sha dai." Kwana arba'in da wani abu yana wurin. Shi ke juya shi, shi ke kai shi bayi, shi ke bin layin magani. Kuma kamar yadda Tela ya faɗa, ba wanda ya tambaye shi takarda. Wata nas ta tambaye ni ko wansa ne, na ce e.

Mu in ana zancen namiji da mace, kalmomi ba sa ƙare mana: so, ƙauna, bege, shaƙuwa, tausayi, sabo. In aka juyo wannan ɓangaren kuwa, kalma ɗaya gare mu, ita ma sunan aiki ce, kuma hankalin kowa ɗaki yake tafiya kai tsaye. Ni ban ga ɗaki ba. Cokali na gani da gefen rawani.

Ya rasu cikin sanyin Janairu, da asuba. Kafin a gama haɗa shi an fara ƙus-ƙus a ƙofar gida, wai ko za a sallace shi. Liman ya fito yana gyara babbar riga, ya ce, "Wanda ya taɓa jin ya yi ridda ya matso ya faɗa mini." Aka yi tsit. Ya ce a daidaita sahu. Mutanen da suka taru sun ba ni mamaki, har bakin titi. Mata kuwa a cikin gida kuka suke tsakaninsu da Allah, har da masu tambayar a hannun wa adashi ya kwana. Da aka ɗaga makara na ga Tela a gaba, kafaɗa ɗaya, bai yarda an karɓe shi ba sai a bakin maƙabarta. Direban yana can ƙarshen mutane. Ba a yi masa gaisuwa ba, don ba a san da wane suna za a yi masa ita ba. Shi ne ma ya bi layi ya yi wa surukan mamacin ta'aziyya. Ranar sadakar uku ya kawo wa 'ya'yan littafin bashi da makullin akwati, komai cif. Sunan Tela ya ci shafi uku. Ya biya a ranar, har da wata cinya da ya rantse bai ci ba.

Har yanzu in hanya ta biyo da direban yakan ajiye motar a bayan tasha. Bencin bayan kasko an ɗauke shi, sai ya taho teburin mai shayi. A matsa masa. Makon jiya ya zo ana tsakiyar lissafin bikin 'yar Tela, ana ta neman wanda zai iya soya kaji ɗari biyu a dare ɗaya ba tare da ya ƙona rabi ya sace kwata ba. Samarin rumfa sun iya, amma hannun bai kai ba. Tela ya ce wa mai shayi, "Ba shi haɗin kauri, ka sa a nawa." Aka yi zancen tsadar gas da lalacewar hanyar Zariya. Ya shanye, ya yi godiya, ya tafi. Sai da muka ji tashin motar, ta hau titi, sannan Tela ya zaro waya.

"Kun ji abin da aka yi a Tailan? Su ma sun halatta. Tun Janairun 2025 ake ɗaurawa."

Baba mai gadi ya dafe ƙirji. "Tailan dai ta shinkafa?"

"Ita fa."

"To ni buhu biyu Hajiyarka ta ce in sauke mata a soro jiya, na biki. Da tambarin giwa a jiki."

Tela ya dubi wayar, ya dubi Baba. "Ita shinkafar ina ruwanta? Mai shayi, ƙaro ruwan zafi."